Shayin kanumfari: ƙwaya nawa kuke sawa? Ni nawa shayin ya kashe min harshe

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Masu haɗa shayin kanumfari a gida, don Allah ku zo ku fitar da ni, domin daren jiya na kunyata kaina a gaban dangin miji.

Tun da hunturun nan ya kankama mura ta tare a gidanmu. Tagwayena ne suka fara kwaso ta daga makaranta, daga su sai ni, daga ni sai maigidan, ta zagayo ta sake komawa kan yaran. Ni kuma koyarwa nake yi a firamare a nan Kano, ajina ya haura yara 70, ga ƙurar alli ga ƙurar hunturu. Kafin a tashi muryata ta dishe, sai dai in riƙa buga tebur da rula. Wata abokiyar aikina ta ji yadda nake magana a ofishin malamai ta ce, "Malama, ki riƙa shan shayin kanumfari safe da dare." Ban tsaya tambayar ta yadda ake yi ba. Na ce a raina, mace mai shekara 12 a ɗakin miji, shayi ne zai gagare ta?

A hanyar gida na sayi ƙulli biyu a wajen wani mai tura baro a bakin titi. Ga abin da na yi, ba zan ɓoye komai ba. Na ɗebi cokalin cin abinci biyu, a cike, na zuba a turmin da nake jajjage, na daka shi ya yi laushi. Na haɗa da busasshiyar citta manya guda uku. Na zuba a tukunya da ruwa kamar kofi shida, na jefa Lipton uku tun ruwan yana sanyi, na ɗora a gas. Sai Hassana ta kira ni a kan aikin lissafin da aka ba su, na shagala. Ina jin tukunyar nan ta yi rabin awa tana tafasa a buɗe. Gida dai ya ɗauki ƙamshi har bakin ƙofa, ni kuwa sai murna nake.

Ana haka sai ga yayar maigidan da mijinta sun shigo gaishe mu da jiki. Na tace, na sa sukari, na kawo musu a kofunan da nake ji da su. Launinsa kamar jiƙon saiwa. Mijin Yaya ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin a hankali, ya ce Alhamdulillahi, bai sake waiwayarsa ba. Ita kuwa Yaya ba ta iya haɗiye magana. Ta ce, "Amarya, mu da muka zo dubiya, mu za a ba maganin?" Shekara 12 amma har yau amarya take ce min, musamman in tsokana ta motsa. Na ɗauki nawa don in nuna musu ba komai, na yi kurɓi uku. Ɗaci kamar maɗaci, ga wani raɗaɗi a maƙogwaro. Can sai na ji harshena ya yi nauyi, leɓena ya mutu, irin yadda na ji ranar da aka yi min allura za a cire min haƙori. Cikin dare kuma ƙirjina ya riƙa zafi, da ma ina da gyambon ciki da ke tashi lokaci-lokaci. Ban runtsa ba sai wajen ƙarfe biyu.

To ƙwaya nawa ake sa wa kofi ɗaya? Dakawa ake yi ko haka ake jefa shi? Tafasawa ake yi ko jiƙawa? Yara 'yan shekara 8 za su iya sha? Sannan Hajiyarmu, mahaifiyar maigidan, labari ya riga ya kai mata (aikin Yaya ne, tun kafin gari ya waye), ta aiko cewa in na koyi haɗa na kirki in riƙa aika mata a filas, ita ma tari ya dame ta. Ita kuwa tana kan magungunan asibiti tun da aka yi mata aikin zuciya, akwai wata ƙaramar ƙwaya da take sha kullum ta tsinka jini. Shi ya sa na ce bari in tambaya kafin in sake wata ɓarnar.

Kakar Yara ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Sannunku da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi dariya har jikata ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Cokali biyu! Ai wannan ya isa a daka wa mai jego yajin da zai kai ta arba'in. Kanumfari ba ya son yawa. Duba fura, duba kunun zaƙi, duba zoɓo: tukunya guda ake yi, amma ɗan abin da yatsu uku suka ɗauko ake sawa.

Ga yadda nake yi tun ina dafa wa marigayi Malam kafin ya fita masallaci da asuba. Kofi ɗaya ƙwaya 3, in mai ƙarfi kike so 4. In tukunyar mutum shida ce ba na wuce 15. Ba na dakawa. In na ga ya bushe ƙwarai sai in danne shi sau ɗaya da bayan cokali ya ɗan fashe, shi ke nan. Garin shi ke kawo ɗacin nan, kuma ba ya tacuwa, sai ki ji yana miki ƙasa-ƙasa a baki. Sannan turmin jajjage, 'yata? Attarugu da daddawa sun shige jikin iccen nan. Raɗaɗin da kika ji a maƙogwaro, rabinsa na attarugu ne.

Ki bari ruwa ya tafasa tukuna. Sai ki jefa kanumfarin da ɗanyar citta, yanka biyu ko uku sirara, ki rage wuta, ki rufe. Rufewar nan ita ce maganar. Ƙamshin da kika ji ya kai bakin ƙofa, shayinki ne ya gudu ya bar miki ɗacin a tukunya. Minti 5 ya isa. In kin sauke kin buɗe, ki karkata murfin, ruwan da ya taru a jikinsa ya koma ciki. Sai a lokacin ganyen shayi zai shiga, in ma kina so, ya yi minti 2 ki cire. Lipton da ya yi rabin awa a wuta ai ko babu kanumfari ba zai shawu ba. Ni da dare ba na sa ganye sam, yana hana ni barci.

Zuma sai ya ɗan huce, yadda za ki iya riƙe kofin a hannu. In ba ki samu zumar da kika yarda da ita ba, mazarƙwaila ta fi farin sukari dacewa da shi. Lemun tsami a ƙarshe, matsi kaɗan. Amma ki zaɓi ɗaya, ko madara ko lemo. In kika haɗa su madarar za ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, ki sake ba Yayarki abin faɗa.

Maganar Hajiyarku kuwa ba zan sa baki ba, a jira masu ilimin asibiti.

Ɗan Kurmi ya amsa:

Malama, Hajiya Kakar Yara ta gama magana a kan dahuwa, ba ni da abin ƙarawa. Ni a kan kayan zan yi magana, don sana'ar gidanmu ce. Na tashi na tarar da mahaifina yana auna kanumfari da masoro da kimba da girfa a kasuwar Kurmi, ni ma a rumfar nake zaune.

Ki gode wa Allah da a baro kika saya. Ina kyautata zaton tsoho ne ko gauraye. Da mai rai kika samu kika zuba cokali biyu, da labarin ya fi haka tsawo.

Mutane da yawa suna ɗauka 'ya'yan itace ne ko iri. A'a, fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe. Ki ɗauki ɗaya ki duba, kamar ƙusa yake, ɗan kan nan mai zagaye shi ne furen a dunƙule, ga 'yan haƙora huɗu sun riƙe shi. Da hannu ake tsinkar sa lokacin da ya fara ja, a shanya a rana kwanaki har ya koma ruwan ƙasa. Ba ya yi a ƙasarmu, bishiyarsa ruwan sama mai yawa take so da iskar teku. Asalinsa daga tsibiran Maluku ne a Indunusiya, kuma an zubar da jini a kansa ba kaɗan ba. Turawan Holan a ƙarni na 17 sun bi tsibiran suna sare bishiyoyin, suka bar nomansa a yankin Ambon kaɗai don kada wani ya sayar sai su. Duk da haka wani Bafaranshe ya sa aka saci dashensa a 1770 aka kai tsibirin Morishiyos, daga nan ya bazu. Ya isa Zanzibar a farkon ƙarni na 19, kuma Sarkin Oman Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar a 1840, shi ya matsa aka cika Zanzibar da Pemba da gonakinsa, da gumin bayi. Yau Indunusiya ce ta fi kowa noma shi, amma mafi yawansa a gida suke ƙone shi, a cikin wata tabar su da ake kira kretek. Shi ya sa a kasuwar duniya sunan Madagaska da Zanzibar kike yawan ji. Sunan da muke kiran sa ma ya nuna ta hannun wa ya iso mana, Larabawa ƙaranful suke cewa, bakinmu ya mayar da shi kanumfari.

Na yi nisa, a gafarce ni, abin ne ke burge ni. Ga abin da zai amfane ki.

Amfanin kanumfari duk a man da ke jikinsa yake. Akwai masu tatse man su sayar daban, su busar da sauran su gauraya da mai kyau. A ido ba lallai ki gane ba. In za ki saya, ki ɗauki ɗaya ki danna farcenki a jikin ƙusar. Mai kyau zai ɗan yi maiƙo a wurin, kuma ƙamshin zai zauna a yatsanki. Wanda aka tatse ya fi duhu, ya yamutse, in kin danna sai ya karye kamar tsinke. In kin zo gida ki zuba ruwa a kofin gilashi ki jefa kamar goma. Mai mai a jiki ko dai ya nutse ko ya tsaya a tsaye, kai sama ƙafa ƙasa. Wanda ya kwanta a saman ruwa yana yawo, wannan babu komai a cikinsa. Sannan ki duba ƙullin, in kika ga tsinkaye da yawa marasa kai, an cika miki da karan ne don ya yi auki.

Kada ki sayi gari. Ban ce kowa yana algus ba, amma gari ba ya nuna abin da ke cikinsa, kuma ƙamshinsa saurin tafiya yake. Ki sa shi a kwalba mai murfi, nesa da rana, nesa da wuta. Mata suna son rataye ledar kayan ƙamshi a saman murhu don hannu ya kai, nan ne kuwa wurin da ya fi kashe shi.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Ina gaida ku daga Zinder. Mu nan in an ce shayi, koren ganyen nan na Sin ake nufi, a 'yar buta bisa gawayi, a yi ta ɗaga hannu ana zubawa a finjali har kumfa ta tashi. Dahuwa uku muke yi a ganye guda. Na farko ba a taɓa shi da komai, ɗacinsa ake so. Ni a na biyu nake jefa kanumfari 2, tare da na'ana'a, kuma su ne za su kai ni har na uku. Biyu fa, Malama, a butar da mutum biyar za su sha. Wanda ya zuba cokali biyu a majalisarmu, a ranar za a karɓe butar daga hannunsa.

Uwar Tagwaye ta dawo:

Na gode ƙwarai. Hajiya, na karɓi faɗan, turmin ma na shinshina shi yanzu, wallahi attarugu ne zalla. Malam na Kurmi, na yi gwajin da ragowar ƙullin. Na jefa 12 a kofi, tagwaye suna tsaye a kaina kamar ana sihiri. Guda 4 ne suka tsaya, 8 suka kwanta suna yawo. Usaina ta ce waɗancan sun yi sallah waɗannan sun yi barci. Na zazzage sauran a faranti, kusan kashi ɗaya cikin uku tsinkaye ne. Ke nan da rabin gawa ma aka kashe min harshe. Gobe in an tashi zan shiga Kurmi.

Har yanzu ina jiran mai ba ni amsa a kan Hajiyarmu da yaran.

Amaryar Bana ta amsa:

Anti ni ba dafawa nake ba. Jiƙawa nake yi, cikin hannu ɗaya a robar ruwa ya kwana, in sha da safe kafin in ci komai, kullum. An ce yana maganin sanyi, yana wanke mara, yana sa a samu ciki da wuri, har suga yana saukarwa. Ki ba Hajiya kawai, ai abin gargajiya ne, ba ya da illa.

Anti Mai Magani ta amsa:

'Yar'uwa Uwar Tagwaye, kin kyauta da kika tambaya kafin ki aika filas ɗin. A ɗakin ba da magani na wani asibiti nake aiki a Kaduna, kuma maganar Hajiyarku ce ta sa na tsaya rubutu.

Abin da ya kashe miki harshe sunansa yujinol. Shi ne mafi yawan man kanumfari, kusan kashi 70 zuwa 90 cikin 100. Ba kuskure kika yi ba da kika tuna da likitan haƙori, domin sun daɗe suna amfani da shi, suna kwaɓa shi da wani farin gari su toshe ramin haƙori na wucin gadi. Shi ya sa iyayenmu ke cewa a danne ƙwaya ɗaya a kan haƙori mai ciwo. Yana kashe zafin na ɗan lokaci, amma ramin yana nan yana ci. Abin da zai iya kashe leɓe kuwa, in ya yi yawa zai iya ƙona fatar ciki, balle ga mai gyambo, balle an haɗa da busasshiyar citta uku da ganyen da ya dahu ya wuce misali. Ke dai kada ki sha shi da wofin ciki, kuma ki rage cittar. In zafin ƙirjin ya dawo ko da ƙwaya 3 ne, ki bar shi, ruwan ɗumi da zuma ma zai yi wa maƙogwaronki aiki.

Hajiya kuma, a duba kwalin maganin. Wanda aka yi wa aikin zuciya yana shan ƙaramar ƙwaya ta tsinka jini kullum, sau da yawa warfarin ce, musamman in ana kiranta gwajin jini a kai a kai ana ƙara mata ko a rage. Wannan magani ba ya son a yi masa shisshigi. Yujinol yana rage saurin daskarewar jini, in ya haɗu da warfarin ko asfirin abin na iya yin yawa: haɓo, jini a dasashi, tabo a fata ba tare da an buge ba, baƙin bayan gida. Ɗan abin da ke cikin fura ko yaji da ta saba ci ba shi nake ji ba. Filas guda kullum shi ne sabon abu, kuma citta ma tana cikin abubuwan da muke ja wa masu shan warfarin kunne a kai. Kada ki aika sai an tambayi likitan da ke duba ta. Tarin ma a faɗa masa. Tari a jikin mai ciwon zuciya ba kullum mura ba ne, wani lokaci ruwa ne ke taruwa a huhu, wani lokaci kuma ɗaya daga cikin magungunan hawan jini ne ke kawo busasshen tari. Wannan ba aikin shayi ba ne.

Yara 'yan shekara 8 za su iya shan mai sauƙi, ƙwaya ɗaya ko biyu a kofi, ba ganye, da zuma. Zumar ma ta fi kanumfarin yi wa tarinsu amfani. Jariri da bai kai shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan. Abin da nake roƙon kowace uwa shi ne man kanumfari na 'yar kwalba, wanda ake saya don ciwon haƙori. Wannan ba shayi ba ne. An sha samun ƙananan yara da suka kurɓi ƙaramin cokali ɗaya ko biyu hantarsu ta lalace, wasu har da suma. A ajiye shi inda ake ajiye fiya-fiya.

Ƙanwata Amaryar Bana, kada ki ji haushina. Cewa abu na gargajiya ne ba ya nufin ba ya da ƙarfi, ai ƙarfin ne ya sa ake nemansa. Kakanninmu da suka san shi, kin ji yadda Kakar Yara ta ce suna ɗaukarsa, da yatsu uku. Abin da mata ke kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowanne da maganinsa, wani ma sai an haɗa da maigida an yi muku tare. Ina ganin matan da suka shafe wata shida suna jiƙe-jiƙe, kafin su zo ciwon ya haura mahaifa. Ruwan kanumfari ba ya sa ciki, kuma in Allah ya kawo cikin, cikin hannu kullum ya yi yawa, ki tsaya a kan na girki. Kada kuma a yi tsarki da shi ko a yi matsi, yana ƙona wurin. Mai shan maganin suga ma ya yi hattara, kada ya ajiye maganinsa don shayi. Wanda aka sa wa ranar tiyata kuma ya daina sha tun da saura mako biyu, ya kuma faɗa wa likitocin.

Kakar Yara ta ƙara:

Allah ya yi miki albarka 'yar nan, kin faɗi gaskiya. Abu ɗaya kawai zan ce. Kada a tsorata mutane har su guji abin da ba shi da laifi. Malam ya sha kofinsa na asuba fiye da shekara talatin, ƙwaya uku, bai taɓa cewa yana maganin komai ba. Cewa yake yana buɗe masa murya ya ja baƙi. Mu ba mu san wannan jiƙa cikin hannu a roba ba, a waya muka gan shi.

Amaryar Bana ta amsa:

To Anti na ji. Gaskiya ni ma kwana biyun nan ina jin cikina yana min zafi da safe, na ɗauka aikin da yake yi ne. Zan dakata.

Uwar Tagwaye ta dawo:

Jama'a ga rahoto, kwana huɗu ke nan.

Na shiga Kurmi ranar Laraba. Malam, ban san ko rumfarka na je ba, amma dattijon da na samu da ya ga ina danna farce sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wa ya koya miki?" Ya janye tiren da ke gaba ya jawo wata kwalba daga ƙarƙashin benci. Bambancin a fili yake. Wannan jaja-jaja ne, kawunansu duk suna nan, kuma har na hau adaidaita ina jin ƙamshin a babban yatsana. A gida na jefa goma a ruwa, tara suka tsaya.

Na yi yadda Hajiya ta ce, ban ƙara ban rage ba, sai cittar da na mayar yanka ɗaya saboda cikina. Ƙaramar tukunya, kofi biyu na ruwa, ƙwaya 6, murfi a rufe, na sa agogon waya minti 5 don kada lissafin Hassana ya sake cinye ni. Launinsa ya fito kamar zuma mai haske, ba baƙin nan ba. Yana da ɗan zafi-zafi a bayan harshe da yake sauka har maƙogwaro, amma babu ɗaci, kuma leɓena yana nan da ransa. Na gwada da madara ranar Alhamis, ban so ba, ta danne ƙamshin. Da lemun tsami ya fi min. Ina sha bayan na karya da safe, sai kuma bayan isha'i ba ganye. Muryar ba zan ce shayi ne ya dawo da ita ba, domin na kuma bi shawarar shugabar makarantarmu na daina ƙoƙarin fin yara 70 ihu, na nemo 'yar ƙararrawa. Amma yana min daɗi a wuya, kuma na fi shan ruwa yanzu.

Hajiyarmu kuwa, Anti, maganarki ta fito. Maigidan ya ɗauko hoton kwalin a waya, warfarin ce. Ranar Alhamis da ma tana da ganin likita, ya raka ta ya faɗi zancen tarin da na shayin. Likitan ya ce a bar shayin, ya auna ƙirjinta, ya canza mata ɗaya daga cikin magungunan hawan jinin, ya ce su dawo bayan mako biyu. Ba ta ji daɗi ba, ta ce an hana ta gishiri an hana ta man shanu yanzu har shayi. Na aika mata filas ɗin dai, ruwan ɗumi da zuma da ɗan lemo, ta aiko a ce min wannan ai ruwan wanke kofi ne, amma filas ɗin ya dawo babu komai.

Yaya ta zo jiya Juma'a ita kaɗai, mijin ya ce yana da uzuri, ni dai na san uzurin. Na kawo mata a kofin ranar nan. Ta ɗaga shi ta duba a haske, ta shinshina, ta ce in fara sha ta gani. Na sha. Ta shanye nata, ta miƙo kofin a ƙara, sannan da za ta tafi ta buɗe jakarta ta ce in zuba mata rabin kwalbar a leda. Na ce Malamin Kurmi ya hana leda. Sai ta tafi da kwalbar gaba ɗaya.